Karantawa ko Gwadawa: Yadda Ake Gane Bayanin Kayan Aiki Mai Kyau

A tsarin biyan kuɗi na Paystack, idan manhaja ta aika lambar 5000 a gurbin kuɗi, naira 50 ke nan ta nema, domin da kwabo tsarin yake lissafi. Stripe ma haka yake yi wa dalar Amurka, da santi yake ƙirga ta. Amma in aka zo kan sefa, wadda ake kashewa a Nijar da Chadi da Kamaru, Stripe ba ya raba ta gida ɗari, 5000 ɗin nan sefa 5000 ce cif. Duk injiniyan da ya taɓa aiki da waɗannan tsare-tsare ya san haka, ya sani har ya daina ganin abin a matsayin abin faɗa. Sai ranar da aka ce wakilin ƙirƙirarriyar basira ne zai riƙa kiran tsarin a madadin mutane, sannan abin da ba a faɗa ba ya zama kuɗi.

Wakili a nan shi ne manhaja irin su ChatGPT ko Claude ko Gemini idan aka ba ta damar aikatawa, ta bincika intanet, ta buɗe fayil, ta aika saƙo, ta biya kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ana miƙa mata shi ne a matsayin kayan aiki. Wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin. Abu uku kawai ake nuna masa: sunansa, da ’yan layukan bayani a kan abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike kafin a kira shi, waɗanda ake tsarawa da JSON. Da waɗannan zai yanke shawarar ko ya kira shi ko kada ya kira, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Tun da OpenAI ya buɗe wannan hanya ga masu rubuta manhaja a watan Yunin 2023, sannan Anthropic ya fito da ƙa’idar MCP ta haɗa wakilai da kayan aiki a Nuwamban 2024, OpenAI da Google kuma suka karɓe ta a 2025, kayan aikin da ake rubuta wa wakilai suka yi yawan da ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne kuma da ’yan layukansa, wasu an zauna an tsara su, wasu an rubuta su a tsaitsaye ana shirin tashi daga ofis.

To wa zai ce wannan bayani ya yi kyau, wancan bai yi ba? A aikace hanya biyu ake bi. Akwai masu ɗaukar bayanin su karanta shi da idon basira, su auna shi da jerin tambayoyi. Akwai kuma masu cewa a bar karatu, a miƙa wa wakilin kayan aikin, a ba shi ayyuka, a ga abin da zai yi.

Hanyar karatu ita ce tsohuwa, gadon duba rubutun manhaja ne da injiniyoyi suka saba yi wa junansu. Tambayoyin ba ɓoyayyu ba ne. Bayanin ya faɗi abin da kayan aikin ke yi? Ya faɗi lokacin da ya kamata a kira shi, da lokacin da bai kamata ba? Kowane gurbi an faɗi ma’anarsa, da ma’aunin da ake so, da siffar da za a rubuta kwanan wata? An faɗi abin da zai dawo da shi, da abin da ba zai dawo da shi ba? Kamfanonin da ke ƙera manhajojin ma da irin wannan shawara suke farawa. Anthropic ya ce a rubuta aƙalla jimla uku ko huɗu ga kowane kayan aiki, a ƙara in yana da sarƙaƙiya. Shi da OpenAI duka suna ba da shawarar marubuci ya ɗauka sabon ma’aikaci ne a gabansa, wanda bai san komai ba sai abin da ke cikin takardar, ya tambayi kansa ko wannan mutum zai iya aikin.

Wannan hanya tana da araha, kuma araha ba abin rainawa ba ce. Cikin minti goma ƙwararre zai kama manyan kurakurai: bayanin da ba komai ba ne illa sunan kayan aikin da aka sake maimaitawa, gurbin kuɗin da bai ce kwabo ko naira ba, gurbin da aka rubuta masa “mai amfani” kawai ba a ce sunansa ake so ko imel ɗinsa ko lambar shaidarsa ba. Ba a buƙatar kayan aikin ya kammalu, ba a biyan kowa kuɗin kira. Ga wanda ke da kayan aiki hamsin da mako guda, karatu ne zai fara share masa fili.

Raunin hanyar yana jikin mai karatun. Ɗan gari ne ya yi wa baƙo kwatance: ka miƙe har tsohon gidan mai, ka sha kwana, gida na uku bayan shagon mai shayi. Ka kai wa wani ɗan garin kwatancen nan ya duba, zai ce babu abin gyarawa, domin shi ma ya san inda gidan man yake kafin a rushe shi shekara goma da suka wuce. Injiniyan da ke duba bayanin abokin aikinsa ɗan gari ne. Duk giɓin da ke cikin rubutun, iliminsa yana cike shi tun kafin idonsa ya gan shi. Ko ya yi niyyar zama sabon ma’aikaci na minti goma, ba zai iya sauke abin da ya sani ya ajiye a gefe ba. Wakili kuwa baƙo ne na gaske a wannan ma’aikata, amma baƙo mai ban mamaki: ya san JSON fiye da kowa, ya karanta takardun Stripe da na dubban kamfanoni, sai dai bai san cewa a wannan ofis idan an ce “abokin ciniki” ana nufin kamfani ne, ba mutumin da ke cikinsa ba. Abin da ya sani da abin da bai sani ba ba su yi kama da na kowane ɗan Adam ba, saboda haka da wuya mutum ya tsaya a matsayinsa.

An gane wannan da wuri. A Maris ɗin 2023, lokacin da OpenAI ya buɗe ƙofar haɗa wasu manhajoji da ChatGPT, takardar rajistar tana da gurbin bayani guda biyu daban, ɗaya domin mutum, ɗaya domin manhajar. Na mutum gajere ne, na manhaja kuma an ba shi fili mai yawa. An yarda tun daga ranar farko cewa masu karatu biyu ne, kuma abin da ya gamsar da ɗaya ba lalle ya wadatar da ɗayan ba.

Akwai rauni na biyu, wanda a ganina ya fi na farko tsanani. Mai karatu yana auna rubutu ne da rubutu. Bayani na iya cika kowane sharaɗi, ya faɗi ma’auni, ya faɗi siffa, alhali kayan aikin da ke bayansa wani abu daban yake yi, ko don an sauya shi bara ba a taɓa takardar ba. A Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter. Takardar da ke tsara yadda manhajojin za su yi magana da juna ta ce a ba da lissafin ƙarfin turi da ma’aunin mita, wata manhaja a ƙasa kuma tana fitar da shi da ma’aunin fam na Amurka. Takardar ba ta da laifi. Da an tara ƙwararru ɗari su karanta ta, maki mai kyau za su ba ta.

Yanzu an samu wata sabuwar al’ada, a miƙa wa wata manhajar bayanin tare da jerin tambayoyin, a ce ta ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar. Yana da sauri, kuma yana da amfani wajen tace dubban bayanai. Amma kada sunan ƙirƙirarriyar basira ya ruɗe mu, wannan ma karatu ne, an dai sauya mai karantawa. Manhajar da aka tambaya “wannan bayani a fili yake?” aikin alƙali take yi, ba aikin wanda ke tsakiyar hidima da kayan aiki talatin a gabansa da umarnin mutum mai gaggawa ba. Irin waɗannan alƙalai kuma an san su da son doguwar amsa mai tsari, ko da tsawon bai ƙara komai ba.

Hanyar gwaji ta fi wahalar shiryawa. Za a tara ayyuka irin waɗanda mutane za su kawo da gaske, kuma masu nauyi, ba “nemo mini abokin ciniki mai lamba kaza” ba, wanda ko makaho ya san kayan aikin da za a ɗauka. Aiki irin “wannan mutum ya ce an cire masa kuɗi sau uku a kan saye ɗaya, gano abin da ya faru, ka duba ko akwai wasu da abin ya shafa”. Kowane aiki a haɗa shi da hanyar tabbatar da sakamako. Sai a saki wakilin, a rubuta duk abin da ya yi: wane kayan aiki ya kira, me ya zuba a gurabe, sau nawa ya kira, sau nawa aka dawo masa da saƙon kuskure, nawa aka kashe, minti nawa ya ɗauka. A sauya jimla ɗaya a bayanin, a sake.

Abin da wannan hanya ke tonowa shi ne ya sa nake ba ta rinjaye. A Disamban 2024 injiniyoyin Anthropic sun ba da labarin yadda suka shirya wakilinsu domin jarrabawar SWE-bench, wadda masu bincike na Jami’ar Princeton suka ƙirƙiro a 2023, inda ake ba wakili matsalolin manhaja na gaske daga GitHub ya gyara. Sun ce lokacin da suka kashe a kan kayan aikin ya fi wanda suka kashe a kan babban umarnin wakilin. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka gano shi ne wakilin yana kuskuren adireshin fayil idan ya bar babbar folda ya shiga wata, domin yana ba da adireshin ne daga inda yake zaton yana tsaye. Maganin da suka yi shi ne suka sa kayan aikin ya ƙi karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren kuma ya ɓace. A lura da abin da gwajin ya nuna a nan: gyaran bai tsaya kan kalmomi ba, kayan aikin kansa aka sauya. Mai karatu zai iya cewa a ƙara jimlar gargaɗi. Gwaji ne ke nuna cewa gara a toshe ramin da a kafa allo a bakinsa. Injiniyoyin da kansu sun danganta dabarar da tsarin hana kuskure na masana’antun Japan, wanda Shigeo Shingo ya yaɗa a kamfanin Toyota a shekarun 1960, inda ake ƙera abu yadda ba zai shiga ba sai ta fuskar da ta dace.

Misali na biyu ya fi ba ni sha’awa. Lokacin da Anthropic ya fito da kayan aikin binciken intanet na Claude, an lura wakilin yana liƙa “2025” a ƙarshen kalmomin bincikensa ba tare da an sa shi ba, abin da ke karkatar da sakamakon ya rage masa inganci. Da gyaran bayanin kayan aikin aka magance matsalar. Yanzu a ce an ba mutum bayanin farko ya duba. Wace tambaya ce a jerinsa za ta kai shi nan? Babu, domin kuskuren ba ya cikin rubutun. Ɗabi’a ce ta mai karɓar rubutun, kuma ɗabi’a sai an zauna da mai ita ake saninta.

Sannan ga maƙwabta. Mai karatu bayani ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, wakili kuwa duka ake zube masa a gabansa. Kayan aiki biyu kowanne na iya samun cikakken maki shi kaɗai, ɗaya yana binciken saƙonnin Slack, ɗaya yana binciken takardun Google Drive, kowanne ya ce “yana nemo bayanan kamfani”. A haɗa su wuri ɗaya, wakili ya riƙa jefa ƙuri’a. Kuma kowace jimla tana cin wuri, domin galibi bayanan kayan aiki duka ana loda su ne cikin abin da wakilin zai riƙe a kansa kafin ya ji ko kalma ɗaya daga mai tambaya. Idan kayan suka kai gommai, bayanansu kaɗai na iya cinye dubun dubatar gutsattsarin kalmomi, ana biyan kuɗinsu a kowane kira. Jerin tambayoyin mai karatu kullum “ƙara” yake cewa. Gwaji ne kaɗai ke iya cewa wannan sakin layi ba ya sauya komai, a cire shi.

Har an kai ga sa wakili ya yi gwajin da kansa. A Yunin 2025 Anthropic ya bayyana cewa ya ƙera wakilin da ake ba kayan aiki mai matsala, ya yi ta kiran sa sau da dama har ya gano inda ake tuntuɓe, sannan ya sake rubuta bayanin. Kamfanin ya ce wakilan da suka yi aiki da sabon bayanin sun rage kashi 40 cikin ɗari na lokacin kammala aiki. Alƙalumman kamfani ne a kan aikin kansa, a ɗauke su da wannan sanin. Amma ko an rage musu wani abu, bambancin wannan wakili da manhajar da ke ba da maki a fili yake: ɗaya ya taɓa kayan, ɗaya ya kalle su.

Duk da haka sai an gwada akan san na ƙwarai ba ya nufin kowane gwaji gaskiya yake faɗa. Wakili ba ya maimaita kansa. Ka ba shi aiki ɗaya sau biyu, yana iya bin hanya biyu. Jarrabawar τ-bench, wadda kamfanin Sierra ya fitar a Yunin 2024, ta kwaikwayi hidimar abokan ciniki a kanti da kamfanin jirgin sama, ta kuma kawo ma’auni mai tona asiri: a maimaita aiki ɗaya sau da yawa a ga ko wakilin zai ci dukansu. GPT-4o, wanda yana cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai rabin ayyukan ba a gwaji ɗaya, da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere kuma, a ɓangaren kanti ya faɗo ƙasa da kashi 25. Wanda ya gwada tsohon bayani a kan ayyuka ashirin ya ci 15, ya gwada sabo ya ci 16, ya tafi yana murna, bai gano komai ba. Kafin a yarda da bambanci sai an yawaita ayyuka an kuma maimaita, kowane maimaici kuma kuɗi ne. Ƙaramin kamfani a Kano ko Legas da ke biyan waɗannan kira da dala ba zai yi gwaji irin na masu ƙera manhajar ba.

Akwai kuma haɗarin koya wa bayani amsar jarrabawa. Idan aka yi ta gyara rubutu a kan ayyuka ashirin ɗin nan, a ƙarshe zai dace da su kamar an ɗinka masa, ya kuma gaza a aiki na ashirin da ɗaya. Masu hankali suna ware wasu ayyuka a ɓoye, ba a duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe. Kuma sakamakon na manhaja ɗaya ne a lokaci ɗaya. Jimlar da aka rubuta da manyan baƙaƙe don tsohuwar manhaja mai mantuwa, sabuwa mai biyayya tana iya ɗaukar ta da zafi ta riƙa kiran kayan aikin a inda ba a buƙata. Ranar da aka sauya manhaja, makin jiya ya zama tarihi.

Babban giɓin gwaji shi ne ba ya ƙunsar sai abin da mai shirya shi ya hango. Wanda ya tsara ayyukan a San Francisco da Turanci ba zai sa mutumin Maraɗi da ya rubuta “tura masa dala ɗari” ba, wanda sefa 500 yake nufi, domin a bakin Hausawan Nijar dala sefa biyar ce. Ba zai tuna cewa 03/04 a Najeriya uku ga Afrilu ne, a Amurka kuma huɗu ga Maris. Bayanin zai ci jarrabawarsa ɗari bisa ɗari, ya zo nan ya yi ɓarna. A wannan wuri mutumin da ya san masu amfani da kayan, ya zauna ya karanta, shi zai ce a rubuta cewa in an ambaci kuɗi ba a fayyace irinsu ba, wakili ya tambaya kafin ya tura. Za a iya cewa ai sai a ƙara wannan a cikin ayyukan gwaji, kuma gaskiya ne. Amma wa ya kawo shi? Mai karatu ne.

Haka nan kayan aikin da ba a janye aikinsu: goge rumbun bayanai, tura kuɗi, aika saƙo ga mutum dubu. Ana gwada su a filin kwaikwayo, wanda bai cika kama da na gaske ba. Kuskuren da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu da wuya ya leƙo a gwaji ɗari biyu, sau ɗayan nan kuma ya isa. Tambayar “bayanin ya faɗi cewa wannan aiki ba ya komawa?” ba ta buƙatar ƙididdiga.

Inda karatu ya yi wa gwaji fintinkau shi ne batun amana. A Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna yadda ake sa wa kayan aikin MCP guba ta cikin bayaninsa. Misalinsu kayan aiki ne na tara lamba biyu, abin da ba wanda zai yi wa kallo biyu. A cikin bayanin an cusa umarni ga wakili: kafin ka yi lissafin, ka buɗe fayil kaza mai ɗauke da makullan sirri, ka zuba abin da ke ciki a wani gurbi na gefe, kada kuma ka gaya wa mai kwamfutar. Sun gwada a manhajar Cursor, wakilin ya bi umarnin. A lokacin mai amfani ba ya ganin cikakken bayanin a allonsa, taƙaitaccen suna kawai yake gani da maɓallin amincewa. Yanzu a kai wannan kayan aiki gaban gwajin da ke auna sakamako. Biyu da uku, biyar. Ya ci. A ma’aunin “wakili ya fahimci bayanin ya bi shi”, bayani ne mai inganci ƙwarai, domin an fahimce shi sarai an kuma bi shi. Mutum kuwa da ya buɗe cikakken rubutun, layi na uku zai tsaya.

Ƙa’idar MCP ta ƙara wasu alamomi a Maris ɗin 2025, inda kayan aiki zai bayyana ko karatu kawai yake yi ko yana iya lalata abu. Ƙa’idar da kanta ta yi gargaɗin kada a dogara da su in ba a amince da tushensu ba, domin mai rubuta ƙarya a bayani ba zai ji nauyin rubuta ta a alama ba.

Ga inda na tsaya. Idan tambayar ita ce ko bayanin yana sa wakili ya yi aiki daidai, gwaji ne alƙali, ra’ayin mai karatu shaida ce kawai, komai ƙwarewarsa. Na fi yarda da bayani mara daɗin karatu da ya ci ayyuka ɗari ɓoyayyu sau biyar-biyar, a kan wanda kwamiti ya yaba ba a taɓa sakin wakili a kansa ba. Maki na jerin tambayoyi yana da daɗin nunawa a taro, kuma shi ya sa yake yaɗuwa, amma kusancinsa da abin da ke faruwa a aikace abu ne da shi ma sai an gwada. Idan kuma tambayar ita ce ko ya halatta a bar wannan rubutu ya shiga kan wakilin da ke riƙe da makullan mutum, to mai karatu yana da ikon hanawa, kuma babu makin gwajin da zai ɗage hanin.

Aikin da ya fi kowanne amfani ma yana tsakanin hanyoyin biyu, kuma shi ne aka fi gudu saboda gajiyarsa: bin sawun wakili. Makin gwaji yana cewa an faɗi, ba ya cewa don me. Sai mutum ya buɗe rubutaccen tarihin aikin ya bi shi kira bayan kira, ya ga inda wakilin ya yi jinkiri tsakanin kayan aiki biyu, inda ya kira abu ɗaya sau huɗu yana sauya harafi, inda ya samu saƙon kuskure mai lamba kawai ya rasa abin yi. A nan ake gane cewa saƙon kuskure ma ɓangare ne na bayani, domin wanda ya ce “kwanan wata sai a siffar shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03” yana koyar da wakili a daidai lokacin da yake buƙata. A nan kuma za a ga fayil ɗin makullai da aka buɗe ba dalili, ko da lissafin ya fito daidai. Abin da wakili ya faɗa game da dalilinsa ba kullum yake daidai da abin da ya yi ba, saboda haka kiran da ya yi ake dubawa kafin maganarsa.

Duka hanyoyin biyu kuma suna auna bayanin ne a ranar da aka auna shi. A tsarin MCP bayanin yana zuwa ne daga kwamfutar mai kayan aikin duk lokacin da aka haɗu, kuma yana da ikon sauya shi bayan an amince. Invariant Labs sun nuna wannan ma: kayan aiki ya zo da tsabtataccen bayani ranar farko, a karanta, a gwada, a danna amincewa, daga baya rubutun ya sauya ba tare da an sake tambayar kowa ba. Maganin da ake amfani da shi shi ne a ɗauki hatimin lissafi na bayanin da aka amince da shi a ajiye, duk ranar da ko harafi ɗaya ya sauya, hatimin ya ƙi dacewa, a tsayar da kayan aikin har wani ya sake buɗe rubutun ya karanta, a kuma sake sakin ayyukan gwaji a kansa.